Yadda ake naɗar sautin walƙiya da sauran rediyon sararin sama da na'urar haɗin gida

Duk lokacin da aka yi walƙiya, ban da haske da tsawa, tana sakin igiyar rediyo mai ƙarfi. Hasken ba ya wuce inda ido ya kai, tsawar ma da wuya a ji ta bayan kilomita 20, amma igiyar rediyon tana cin dubban kilomitoci. A faɗin duniya ana yin walƙiya sau 40 zuwa 50 a kowace daƙiƙa, saboda haka babu lokacin da sama take shiru ga mai na'urar saurare.

Abin da ya sa talaka ma zai iya wannan aiki shi ne, mafi yawan ƙarfin igiyar yana tsakanin 1 kHz da 10 kHz, wato kaɗawa 1,000 zuwa 10,000 a daƙiƙa. Kunnen mutum yana jin sauti daga 20 Hz zuwa kusan 20 kHz. Lambobin sun faɗa wuri ɗaya. Kunne ba ya jin igiyar ne kawai domin ta lantarki ce, ba motsin iska ba. Idan aka kama ta da eriya, aka ƙara mata ƙarfi, aka tura ta iyafis, shi ke nan ta zama sauti. Babu neman tasha, babu murɗa allura. Na'urar karɓa take yi kaɗai, ba ta watsa komai.

Tun daga nan a riƙe abu ɗaya: wurin da ka tsaya ya fi na'urar da ka riƙe muhimmanci. Na'ura mai tsada a tsakiyar gari ƙugin wutar lantarki kawai za ta ba ka, ta 'yan kuɗi kaɗan a tsakiyar gona kuwa za ta jiyar da kai hadarin da ke wata ƙasa.

Sautukan da ake nema

Na farko, wanda kowa zai ji a fitarsa ta farko, shi ne siferik. Ƙas-ƙas ne da tas-tas marasa yankewa, kamar an jefa ƙirare busassu a wuta. Kowane ƙas walƙiya ɗaya ce a wani wuri. Masu kaifi da ƙarfi na kusa ne, 'yan ƙananan da ke bayansu na nesa ne.

Na biyu shi ne tuwik, kuma shi ya fi cancantar a daɗe a kansa. A sama akwai wani rufin iska mai ɗauke da caji, ionosfiya, wanda gindinsa yake kusan kilomita 70 da rana, ya ɗaga zuwa kusan 85 ko 90 da dare. Igiyar walƙiya tana tafiya tsakanin ƙasa da wannan rufin, ta bugi wannan ta bugi wancan. Ɓangarenta mai yawan kaɗawa yana tafiya kusan a miƙe, ya riga isowa. Ɓangaren da ke kusa da 1.7 kHz shi ya fi yin hawa da sauka, hanyarsa ta fi tsawo, sai ya iso a makare. Ƙasa da 1.7 kHz kuwa wannan hanya ba ta ɗauka. Sakamakon haka ƙas ɗin ya kan miƙe ya zama "tsuwi" ko "ƙwal", gajere, bai cika kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, mai amo irin na ƙarfe. Tsawon wutsiyarsa yana nuna nisan da ya yi. Da rana rufin yana shanye igiyar, don haka tuwik abin dare ne.

Na uku shi ne mai fito, wanda ake kira wisila. Wani ɓangare na igiyar yana huda rufin ya fita, ya bi layin maganaɗisun duniya ya yi nisan dubban kilomitoci a sarari, ya sauko a ɗaya rabin duniyar. A can ma mai yawan kaɗawa ke riga isowa, amma tazarar ta fi yawa, sai a ji fito yana saukowa daga sama zuwa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Heinrich Barkhausen, Bajamushe, ya ji shi lokacin Yaƙin Duniya na Farko a na'urar da ake satar sauraren tarhon abokan gaba da ita, ya buga bayaninsa a 1919. Sai a 1953 L. R. O. Storey na Jami'ar Kambirij ya nuna hanyar da sautin ke bi. Na huɗu shi ne koras, tarin tsuwwa masu hawa sama, waɗanda ke fitowa daga cikin sararin maganaɗisun kansa ba daga walƙiya ba, galibi da asuba bayan rana ta yi aman caji.

Abin da za ka samu gwargwadon inda kake

Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa arewacin Najeriya, ya wuce gabas ta Habasha. A kusa da shi layukan maganaɗisu a kwance suke, ba sa yin nisa a sarari, don haka mai fito yana wuya ƙwarai a Kano, Zariya, Maraɗi ko Damagaram, koras kuma kusan babu shi. Waɗannan biyun rabon mazauna Ingila, Jamus, Kanada, arewacin Amurka da Afirka ta Kudu ne. Mai fiton da ake ji a tsakiyar Turai, alal misali, yawanci walƙiyar kudancin Afirka ce ta haife shi. Wanda ya fita a ƙasar Hausa da niyyar fito kaɗai zai gaji ya ce na'urarsa ba ta aiki.

A siferik da tuwik kuwa yankin nan ba shi da na biyu. Gabashin Kwango yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan walƙiya a duniya, ga Kamaru a maƙwabta, ga hadarin daminar Sahel kansa. Ko cikin rani, lokacin da babu ko ɗigon girgije a Sakkwato, walƙiyar Afirka ta Tsakiya da ta kudu tana isowa da dare. A kan tuwik ya kamata mai farawa a nan ya sa ransa.

Kayan haɗi

Akwai na'urorin da aka sani, irin su WR-3 ta Stephen McGreevy da VLF-3 ta shirin INSPIRE a Amurka, amma duk wanda ya iya liƙi da dalma zai haɗa tasa. Kusan komai yana wajen masu gyaran rediyo da talabijin:

- eriyar rediyo mai zuƙewa, tsawon mita 1 zuwa 1.5
- taransisto nau'in JFET guda 1: 2N3819, MPF102, BF245 ko 2N5457
- LM386 (ƙaramin IC mai ƙara ƙarfin sauti) guda 1, da mazauninsa mai ƙafa 8
- resisto: 10 MΩ, 220 kΩ, 10 kΩ, 4.7 kΩ, 2.2 kΩ, 470 Ω, 10 Ω
- maɓallin ƙara murya na 47 kΩ ko 50 kΩ
- ƙananan kafasito: 10 pF, 2.2 nF, 10 nF, 47 nF guda 2, 1 µF guda 2
- manyan kafasito masu ƙafar + da −: 10 µF, 100 µF guda 2, 220 µF
- ƙaramin ƙwan niyon, irin wanda ke cikin tasta ta masu aikin wuta
- batir 9V da maƙalinsa, makunni, soket na 3.5 mm guda 2
- gwangwanin ƙarfe mai murfi da zai ɗauke su duka

Resisto na 10 MΩ shi ne mai zobba ruwan ƙasa, baƙi, shuɗi. Na 220 kΩ ja, ja, rawaya. Ka auna kowanne da mitar awon lantarki, domin ana yawan cakuɗa su a akwatin mai shago.

JFET ɗin ma ka gwada shi kafin ka liƙa, saboda jabu sun yi yawa. Ƙafa uku gare shi, G, S da D. Haɗa ƙafar G da ƙafar S wuri ɗaya zuwa − na batir, ka sa mita a ma'aunin mA tsakanin + da ƙafar D. Lafiyayyen 2N3819 zai nuna tsakanin 2 da 20 mA. Idan sifili ya nuna, ko dai ka juya ƙafafun ko kuma ba JFET ba ne. Jerin ƙafafun ya bambanta: a 2N3819 G tana tsakiya, a MPF102 tana gefe. Nemi takardar bayanin lambar da ka saya a intanet.

Haɗawa

Fara da bakin shiga, domin nan ne aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Daga gindin eriya sa ƙwan niyon zuwa jikin gwangwani. Ba ya yin komai sai cajin da ya taru a eriya ya kai wajen bolt 60 zuwa 90, sai ya kama ya zubar da shi kafin ya ƙona taransisto. Aradu ba ya cikin abin da yake karewa. Daga gindin eriyar dai, ja resisto 220 kΩ zuwa ƙafar G. Daga G sa 10 MΩ zuwa gwangwani, sa 10 pF a gefensa shi ma zuwa gwangwani. Aikin 220 kΩ da 10 pF shi ne tare tashoshin matsakaicin zango kada su kutso.

Dalilin 10 MΩ kuwa: eriya mai mita ɗaya da rabi, a wannan zango, ba komai ba ce illa ƙaramin kafasito na kusan 15 pF. Abin da take bayarwa ba shi da ƙarfin tura kaya, resisto ƙarami zai shanye shi tas. Wannan ne ma ya sa ba a raba eriya da taransisto da doguwar waya. Kebul na talabijin ko na rediyon sadarwa yana da 50 zuwa 100 pF a kowace mita, wato mita ɗaya kacal za ta cinye mafi yawan siginar. Eriyar ta zauna a kan gwangwani kai tsaye, a ware ta daga ƙarfen da roba mai kauri, wayar da ke tsakaninta da G kada ta wuce santimita 3. Mahaɗar G ɗin ka bar ta a rataye a iska, kada ta taɓa allo, ka goge ta da sifirit bayan liƙi. Ragowar man liƙi da laimar damina sukan buɗe wa caji hanyar zurarewa, na'ura ta yi ta shuu babu dalili.

Ƙafar S: resisto 2.2 kΩ zuwa gwangwani, da 1 µF a gefensa. Ƙafar D: resisto 4.7 kΩ zuwa wuta. Amma wutar taransisto kada ta fito kai tsaye daga batir. Ta bi ta 470 Ω tukuna, a sa 100 µF daga bayan resiston zuwa gwangwani. Kunna ka auna D. Ana son bolt 4 zuwa 6. Idan ya gaza 3, ƙara resiston S zuwa 3.3 kΩ. Idan ya haura 7, rage shi zuwa 1 kΩ. Wannan mataki yana ninka sigina sau biyar zuwa goma, gwargwadon taransiston da ka samu.

Sai matata, wato ɓangaren da ke tace sigina. Daga D sa 2.2 nF zuwa gwangwani, ya rage abin da ya wuce wajen 20 kHz. Daga D kuma ja 47 nF, bayansa 10 kΩ zuwa gwangwani. Daga wannan mahaɗa ja 10 nF zuwa ƙafar sama ta maɓallin murya, ƙafarsa ta ƙasa ta tafi gwangwani. Matakan biyu suna danne abin da ke ƙasa da wajen 300 Hz, inda ƙugin lantarki ya fi kauri. Daga ƙafar saman maɓallin ja 1 µF na biyu zuwa soket ɗaya. Ta nan rikoda za ta sha.

LM386 na kunne ne. Ƙafa ta 3 ta karɓa daga tsakiyar maɓalli, ta 2 da ta 4 su tafi gwangwani, ta 6 ta tafi + na batir tare da 100 µF a dab da ita. Daga ta 5 ja 220 µF zuwa soket ɗin iyafis, sannan daga ta 5 ɗin dai ja 10 Ω da 47 nF a jere zuwa gwangwani. A haka yana ninkawa sau 20. Idan aka sa 10 µF tsakanin ta 1 da ta 8 sai ya koma 200, wanda a fili mai shiru ake buƙatarsa. Ƙafar − ta batir ta haɗu da gwangwani, ka kankare fenti a inda tafin hannu zai riƙe.

Gwaji a ɗaki mai sauƙi ne. Da ka zaro eriya za ka ji ƙugi mai kauri, wanda zai ƙaru idan ka kai yatsa kusa. Goga biro a gashi ka kaɗa shi kusa da eriya, za ka ji bum-bum. Danna laita mai tartsatsi daga nisan mita 2, za ka ji tas. Idan ukun nan sun samu, na'ura ta tashi.

Zaɓen wuri

Wutar Najeriya, Nijar, Gana da maƙwabtansu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Da 50 Hz kaɗai ne da matata ta gama da shi. Matsalar 'ya'yansa ne: 150, 250, 350, 450, a yi ta hawa har cikin dubbai, daidai inda tuwik yake zaune. Babu matatar da za ta cire su ta bar tuwik lafiya. Maganinsu nisa.

Daga ƙananan wayoyin unguwa da layin 11 kV ko 33 kV, ka nisanta aƙalla kilomita 1. Daga manyan layukan 132 kV da 330 kV, masu dogayen turakun ƙarfe, kilomita 3 zuwa 5, in ya fi haka ma ya fi kyau. Ƙauyen da babu falwaya ba lallai ya zama shiru ba. Janareta, inbata, na'urar cajin sola, famfon sola, turken sadarwar waya da shagon cajin waya duk suna ihu a wannan zango, inbata ma ta fi wutar gwamnati ƙazantar ƙara. Haka nan ɗauke wuta a gari ba ya gyara komai, domin cikin 'yan mintuna injuna ke tashi.

Hanyar nema ita ce ka fita da rana da na'urar, ka riƙa tsayawa kana saurare. Inda ƙas-ƙas ya rinjayi ƙugi, wurin ya isa farawa. Inda sai ka kasa kunne kafin ka ji ƙugin, ka riƙe wurin da kyau.

Fili ake so buɗaɗɗe. Itace ɗanye yana janye siginar zuwa ƙasa, a ƙarƙashin kuka ko tsamiya za ka ji sauti ya dushe kamar an rage murya. Ka nisanci kowace bishiya da ninki biyu na tsawonta. Gona bayan girbi, tudu, filin ƙwallo na bayan gari, duk suna yi.

Kafin ka fita da dare, je wa mai unguwa ko dagacin wurin da rana, ka nuna masa na'urar, ka sa masa iyafis ya ji. Baƙo riƙe da eriya cikin duhu a bayan gari abin zargi ne, kuma mutane suna da hujjarsu. Ka tafi da ɗan gari, ka sa takalmi rufaffe saboda maciji da kunama, inda kuma tsaro ba shi da kyau kada ka je ko kaɗan.

Maganar aradu ba ta da sassauci. Mai wannan aiki yana tsaye ne a fili riƙe da sandar ƙarfe sama da kansa. Tsawa tana cin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. Idan tsakanin haske da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma aradu na iya kaiwa nan. Abin da ya fi shi ne, da ka ji tsawa ko yaya take, zuƙe eriya ka shiga gini ko mota, kada ka fito sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. Ba ka yi asarar komai ba, domin hadarin kusa cika rikoda yake da fashe-fashe, tuwik mai kyau daga nesa yake zuwa.

Lokaci

Tuwik yana fara bayyana bayan magariba, ya yi kyau daga tsakar dare zuwa kafin asuba. Wanda ya zauna daga kiran sallar farko har hantsi zai ji yadda wutsiyoyin ke gajarcewa su ɓace yayin da rana ke sauko da rufin. Wannan sa'a ta cancanci a naɗe ta ɗungurungum. Cikin damina siferik na kusa yakan yi yawa har ya binne na nesa. Kaka da farkon rani sun fi ba da tuwik a fili. Ranar da hunturu ke kaɗawa da ƙura, ƙurar tana ɗauke da caji, tana bugun eriya ta haddasa shuu da tartsatsi, sai a jira daren da iska ta kwanta. Mazauna Turai da Kanada masu neman koras su duba ma'aunin Kp, mai nuna yadda maganaɗisun duniya ya hargitse, wanda hukumar NOAA ta Amurka ke wallafawa, daga 0 zuwa 9. Asubar da ta biyo bayan ya kai 5 ko fiye ita ce ta fita.

Naɗa

Na'urar tana buƙatar ƙasa. Idan a hannu take, jikinka ne ƙasar: riƙe ƙarfen da tafi, ɗaga eriya a tsaye sama da kai, ka tsaya cik. Don naɗi mai tsawo, ɗaure gwangwanin a kan sandar katako mai tsawon mita 1.5, kafa rodi mai santimita 40 a ƙasa, zuba masa ruwa idan wurin ya bushe, ka haɗa shi da gwangwanin da waya. Sannan ka koma mita 3 ko 4 ka zauna.

Ƙaramar rikoda mai batir irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X ta fi dacewa. Haɗa soket ɗin naɗi da ramin makirufonta da gajeriyar waya mai sulke. Zaɓi WAV, 48 kHz, bit 24 ko 16. MP3 yana yanke saman zango ya kuma dagula gajerun sautuka, bai dace ba. Kashe AGC da duk wani mai daidaita murya da kansa, domin kowane babban ƙas zai sa ya danne murya, tuwik ɗin da ke biye ya tafi a banza. Saita ƙarfin shiga yadda yawancin ƙas-ƙas za su tsaya wajen −12 dB. Idan jefi-jefi wani babba ya kai ƙarshen ma'aunin, ba laifi. Sa'a ɗaya a 48 kHz, bit 24, layi ɗaya, tana cin kusan MB 520, layi biyu kuma ninkinsa.

Wayar hannu tana iya yi idan tana da ramin iyafis da mahaɗin da ke kai sauti ga ƙafar makirufo. A sa ta a yanayin jirgin sama, a nemi manhajar da ke naɗar WAV ba tare da tace hayaniya ba, a kashe allon. Kwamfutar cinya kuma a batir kaɗai, kuma nesa da eriya.

Rubuta a littafi kwanan wata, lokacin farawa, wuri, yanayin sama da ƙarfin shigar da ka saita. Lokacin ka rubuta shi da agogon UTC, wanda masu wannan sha'awa a ko'ina suke amfani da shi. Najeriya da Nijar suna gabansa da sa'a ɗaya, Gana daidai take da shi.

Idan abu ya ƙi

Kuka mai tsini da ke tashi idan an ƙara murya: wayar iyafis ce ke mayar da sauti cikin eriya. Saukar da wayar ta bi jikinka, nesa da eriya, ko ka cire 10 µF na ƙafa ta 1 da ta 8. Idan rikoda tana haɗe, saurara ta raminta, ka rufe maɓallin na'urar gaba ɗaya.

Fut-fut-fut a jere: batir ya yi sanyi, ko an manta 470 Ω da 100 µF. Batir mai araha yana saurin jawo wannan.

Muryar mai labarai ko kiɗa: tashar matsakaicin zango ce ta yi ƙarfi. Mayar da 220 kΩ ya zama 470 kΩ, ko ka rage tsawon eriya.

Dit-dit-dirrr: wayar wani ce a aljihu take magana da turke. Tas ɗaya a kowace daƙiƙa ba kuskure: agogon hannu ne mai batir. Tas-tas mai sauri da ke ƙaruwa ya ragu: fulogin babur ne a hanya. Tsuwwa siririya da ba ta motsi: tocila ko allon rikoda. Ziii da ke zuwa ta wuce: ƙwaro ne, fukafukan sauro da ƙudan zuma suna ɗauke da caji, eriya tana jin su sarai. Ƙarar da ke bin motsinka kuma daga riga mai roba take ko takalmi a kan busasshiyar ciyawa. Kayan auduga sun fi.

Inda ƙugi ya ƙi ƙarewa, ana iya gwada eriyar zobe: firam na katako mita 1 a kowane gefe, a naɗa masa siririyar wayar jan ƙarfe zagaye 40 zuwa 50, bakin biyu su shiga ramin makirufo. Ita ɓangaren maganaɗisu take kamawa, ba ruwanta da bishiya ko ƙura, kuma idan ana juya ta a hankali akwai fuskar da ƙugi ke faɗuwa. Sai dai siginarta ba ta da ƙarfi, kuma ko yaya iska ta girgiza ta sai an ji.

Duba abin da aka naɗa

Kunne yana barin abubuwa da yawa su wuce, ido ke kamo su. Buɗe kwafin fayil ɗin a manhajar sauti ta Audacity, wadda kyauta ce, ka bar na asali yadda yake. A jerin zaɓin layin sautin zaɓi Spectrogram. Lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, yawan kaɗawa daga ƙasa zuwa sama. Saita iyaka daga 0 zuwa 12,000 Hz. Faɗin taga 512 ya dace da tuwik, 2048 ya dace da mai fito. Ja hoton har daƙiƙa 2 ko 3 su cika allo.

Siferik layi ne a tsaye. Ƙugi layuka ne a kwance, a jere. Tuwik layi ne a tsaye wanda gindinsa ya lanƙwasa dama ya kwanta wajen 1.7 kHz, wani lokaci da lanƙwasa ta biyu wajen 3.4 kHz, har ta uku. Mai fito baka ne guda da ke gangarowa, da sauri a sama, a hankali a ƙasa. A yi hattara da na bogi: janareta ko injin niƙa da aka kashe yana ba da sauti mai saukowa, amma a hoto za ka ga layuka da yawa suna gangarowa tare, tazararsu ɗaya.

Idan ka ɗaga iyakar zuwa 24,000 Hz za ka ga aikin mutane. Gajerun layuka a 11.9, 12.6 da 14.9 kHz na Alpha ne, tsarin Rasha na nuna wa jirage hanya, idan yana aiki. Masu kauri da ba sa yankewa tashoshin sojan ruwa ne da ke aika saƙo ga jiragen ƙarƙashin teku, irin ta Italiya a 20.27 kHz da ta Jamus a 23.4 kHz. Ganinsu shaida ce cewa na'urarka tana ji har sama. Tsohon tsarin Omega na nuna wa jirage hanya, wanda ɗaya daga cikin tashoshinsa take Laberiya, an rufe shi a 1997.

Wajen rage ƙugi, yanke abin da ke ƙasa da 300 Hz ya wadatar. Bin 'ya'yan 50 Hz ɗaya-ɗaya ana toshewa ba ya cika yin amfani a inda wuta ba ta tsayawa daidai kan 50. Kaucewar 0.2 Hz a tushe tana zama 4 Hz a ɗa na ashirin, sai ya fice daga ramin da aka haƙa masa.

Da tuwik mai tsabta za ka iya auna tsayin rufin sama daga inda kake zaune. Duba lambar da wutsiyar ta kwanta a kai, ka raba 150,000 da ita, amsar kilomita ce. Lissafin ya fito ne daga gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, a raba biyu. Wutsiya a 1,700 Hz tana nufin kusan kilomita 88, a 1,800 Hz kusan 83, a 1,650 Hz kusan 91. Tuwik ɗaya ba ya isa, domin karatun ido yana kaucewa da 30 ko 50 Hz. Ɗauki goma daga cikin minti biyar, ka fitar da matsakaicinsu, ka maimaita a kowace sa'a daga magariba zuwa asuba, ka jera lambobin a littafinka kusa da lokacin UTC na kowanne.